Take off: kalmar da aka sa wa takunkumi bayan rasuwar mutum 583

Ranar 27 ga Maris 1977 Lahadi ce, ranar kasuwar Tawa. Seyni Kunce ya kusa cika shekara 3 a kan mulki, bazara ta kawo kai. Da wajen ƙarfe 6 na yamma a agogonmu, sa'ilin da masu jakai da raƙuma ke ɗaure kaya kasuwa tana shirin tashi, wasu manyan jiragen sama biyu suka yi karo a kan titin jirgi a wani tsibiri mai suna Tenerif, cikin tekun Atlantika daura da gaɓar Maroko. Mutum 583 suka rasu. Har yau ba a sake yin haɗarin jirgin sama da ya ci rayuka haka ba. Cikin abubuwan da suka jawo shi kuwa har da wasu ƴan kalmomi biyu na Ingilishi, waɗanda duk yaron da ya zauna ajin farko na koleji a Tawa ya taɓa jin su a bakin mushe, wato malamin makaranta: take off.

Na ce Ingilishi don kada a ruɗe, tunda a wajenmu in ka ce Turanci wani Faransanci zai ɗauka. Shi Ingilishi yana da wata ɗabi'a da ke wahalar da ɗalibanmu fiye da komai. Sai ya ɗauki aikatau guda, ya liƙa masa wata ƴar mitsitsiyar kalma a baya, ma'ana ta juye gaba ɗaya. Take ita kaɗai ɗauka ce. Off kuwa tana nuna rabuwa da abu. In suka haɗu, sai ka ji an ce take off your shoes, wato tuɓe takalmi kafin ka shiga masallaci ko ɗaki. Ana iya raba su a sa abin a tsakiya, a ce take your shoes off, ko take them off. In aka ce wa ma'aikaci take a day off, an ba shi hutun yini ne. In aka ce kasuwancin albasar wane took off, to ya bunƙasa, kaya na fita. In mutum ya yi gaba ba sallama, shi ma an ce he took off. Sai ma'anar da ta fi shahara, wadda ba ta ɗaukar komai a tsakiya: jirgi ya ɗaga ya rabu da ƙasa. Wannan ta ƙarshe har ta haifi suna, take-off, wanda ke nufin tashin jirgi, a wani bakin kuma lokacin tashin ko wurin da ake tsayawa kafin a tashi. A nan gizo ke saƙa.

Kada Bahaushe ya yi wa Ingilishi dariya, don namu harshen bai fi ba. Dubi yadda muke wasa da tashi. Yaro ya tashi daga barci, farashin hatsi ya tashi, hankali ya tashi, bam ya tashi, kasuwa ta tashi. In direba ya murza makulli injin ya kama, mota ta tashi. In ta bar tasha ta kama hanyar Ƙwanni, nan ma mota ta tashi. Wanda ya ce "na tashi tafiya" kuwa yana nan zaune, ko takalmi bai sa ba. Duk wanda ya taɓa neman motar Abalak ko Keita ya san darajar maganar ɗan kamasho in ya ce, "Alhaji shigo, tashi muke." Kana iya yin azahar da la'asar a wurin. A tasha abin da za ka yi asara yini ne. A Tenerif ba haka aka kwashe ba.

Jiragen biyu ba Tenerif suka nufa ba tun farko. Las Palmas za su, a tsibirin Gran Kanariya da ke maƙwabtaka. Tsibiran Kanari ke nan, mallakar Sifaniya, waɗanda a yau samarin Afirka ta Yamma ke nufa cikin kwale-kwale daga Senegal da Muritaniya. A lokacin akwai wata ƙungiya mai neman ɓalle tsibiran daga Sifaniya, jagoranta Antonio Cubillo yana zaune a Aljeriya. Da ƙarfe 1 da kwata na rana ƴan ƙungiyar suka tayar da bam a shagon furanni na filin jirgin Las Palmas, mutane suka jikkata, aka kuma yi barazanar akwai na biyu. Hukuma ta rufe filin, ta karkatar da jiragen da ke tafe zuwa Los Rodeos, ƙaramin filin da ke arewacin Tenerif.

Los Rodeos ba wurin manyan baƙi ba ne. Titin tashi da sauka guda ɗaya gare shi, sai wata hanya a gefensa wadda jirage ke bi a hankali su kai bakin titin. Yana kan tudu mai tsawon mita 600 da ƴan kai, inda gajimare kan taso daga teku ya kwanta a ƙasa, ya yaye, ya sake dawowa cikin ƴan mintoci. Wanda ya san hazon hunturu a Adar, ranar da ba ka hango bishiyar da ke bakin gonarka, ya san kamanninsa, sai dai wannan jiƙaƙƙe ne kuma yana tafiya. Babu na'urar da ke nuna wa jami'an hasumiya inda jirage suke a ƙasa, sai ido da rediyo. Fitilun tsakiyar titin ma ba sa aiki. Kafin la'asar jirage sun cika wurin ajiya har sun toshe hanyar gefen.

Cikinsu akwai ƙattai biyu, dukansu Boeing 747. Na farko na kamfanin KLM ne na ƙasar Holan, ya taso daga Amsterdam da ƴan yawon hutu, cikinsu yara kusan 50. Matuƙinsa Kyaftin Jacob Veldhuyzen van Zanten, ɗan shekara 50, shi ne shugaban masu horar da matuƙan 747 a kamfanin, gwanin da hotonsa ke cikin tallar KLM. Mataimakinsa Klaas Meurs, wanda shi kyaftin ɗin ne ya jarraba shi ya ba shi shaidar tuƙa irin wannan jirgi ƴan watanni kafin nan. Na uku injiniya ne, Willem Schreuder. Jirgi na biyu na Pan Am ne na Amurka, ya taso daga Los Anjalas ya biya ta Niyok, da mutum 396, yawancinsu dattawa da suka yi ritaya za su hau jirgin ruwa su sha iska. Kyaftin Victor Grubbs ke tuƙi, Robert Bragg na taimaka masa, George Warns ne injiniya. Wannan jirgin yana da tarihi: shi ne 747 na farko da ya ɗauki fasinja a duniya, daga Niyok zuwa Landan a Janairun 1970, kuma a cikin shekarar aka yi fashinsa zuwa Kuba. Grubbs ya roƙi a bar shi ya yi ta shawagi a sama har a buɗe Las Palmas, tunda yana da isasshen mai. Aka ce ya sauka.

Da aka buɗe Las Palmas, ƴan Pan Am a shirye suke, amma jirgin KLM ya tare musu hanya. Van Zanten ya yanke shawarar shan mai a nan, lita fiye da dubu 50, wanda zai kai shi Las Palmas ya kuma mayar da shi Amsterdam ba tare da ya sake tsayawa layi ba. Bragg da Warns suka sauko suka auna da ƙafa ko za su iya raɓawa ta gefe, suka ga saura kimanin mita 4 wurin ya ishe su. Suka koma suka zauna. Shan man ya ci sama da rabin awa, cikin wannan rabin awar kuma gajimare ya sauko.

Akwai abin da ke cin kyaftin ɗin KLM a rai. Holan ta tsaurara dokar awoyin aikin matuƙa, wanda ya zarce iyaka yana iya rasa lasisinsa. In dare ya yi musu a nan, sai ya nemo wa mutum sama da 200 makwanci a tsibirin da ya riga ya cika, jirgi ya kwana, kamfani ya yi asara. Wata ma'aikaciyar kamfanin yawon buɗe ido da ta zo cikin jirgin, wadda dama a Tenerif take zaune, ta ga ba amfanin ta je Las Palmas ta dawo washegari, ta ƙi komawa ciki. Ita kaɗai ta rayu cikin duk waɗanda suka taso daga Amsterdam.

Wajen ƙarfe 5 saura a agogon tsibirin, hasumiya ta ce wa KLM ya hau ainihin titin tashi ya bi shi har ƙarshe, ya juyo ya fuskanci inda ya fito, ya jira. Ta ce wa Pan Am ya biyo bayansa a kan titin, amma ya fice ta mafita ta uku a hagu. Amurkawan ba su ji da kyau ba, ta farko aka ce ko ta uku, don lafazin jami'in na Sifaniyanci ne. Suka sake tambaya, ya ƙirga musu: ta uku yallaɓai, ɗaya, biyu, uku. Mafitun ba su da alluna, ga hazo, ga shi ta ukun kwana ce mai tsananin lanƙwasa wadda ƙaton jirgi irin wannan zai sha wuyar shiga. Suka wuce ta suna laluben ta gaba. A wannan lokaci hasumiya ba ta ganin ko ɗaya daga cikin jiragen, su ma ba sa ganin juna. Mutum uku ne ke magana cikin duhu, biyu daga cikinsu da harshen aro.

KLM ya kai ƙarshen titi ya juyo. Nan take kyaftin ya fara tura totur. Meurs ya ce masa a dakata, ba a ba su izinin hanya ba tukuna. Kyaftin ya janye hannu, ya ce ya sani, ya umarce shi ya tambaya.

Sai an fahimci abu guda kafin a gane abin da ya biyo baya. Izini biyu ne matuƙi ke nema, kuma ba a haɗa su. Ɗaya na hanya ne: bayan ka tashi ka nufi wuri kaza, ka hau tsawo kaza. Ɗayan shi ne na tashin kansa, wanda ke nufin titi ya zama naka, ba kowa a kai. Meurs ya kira hasumiya ya haɗa biyun cikin numfashi ɗaya, ya ce sun shirya wa take-off kuma suna jiran izinin hanya. Jami'in ya ba da na hanya kawai, ya lissafa inda za su nufa da tsawon da za su hau, a ciki ya ce right turn after take-off, wato su karya dama bayan sun tashi. Bai ce su tashi ba. Amma kalmar ta fito daga bakin hasumiya, ta faɗa kunnen mutumin da ya yini yana jiran ta. Masu bincike sun lura daga baya cewa van Zanten ya daɗe yana aiki a na'urar koyar da tuƙi fiye da cikin jirgi na gaske, a can kuwa malami shi ne hasumiya, shi ke ba da izini da bakinsa, ba ya jiran kowa.

Meurs na cikin maimaita abin da aka faɗa masa, kyaftin ya saki birki, ya ce da harshensu, mun tafi. Jirgi ya fara gudu. Meurs ya ƙarasa maimaitawar da sauri, ya rufe da jimlar da aka yi shekaru ana gardama a kanta: We are now at take-off.

Me yake nufi? Shi dai abin da ke ransa shi ne muna cikin tashi, mun riga mun taka. Jami'in hasumiya kuwa ya ji at, kalmar da a Ingilishi ke nuna wuri, sai ya fahimci muna wurin tashi, muna tsaye muna jira. Jimlar ba ta cikin maganganun da aka tsara wa matuƙa, ba kuma haka Bature ɗan asalin harshen zai faɗa ba. Wani masanin harshe Ba'amurke, Steven Cushing, ya yi bayani a littafinsa na 1994 cewa a harshen Holan in ana son a ce ana cikin yin abu, da kalmar wuri ake faɗa, kamar a ce muna a tashi. Meurs yana cikin firgici, sai ya zuba kalmomin Ingilishi a kan ginin harshen uwarsa. Bahaushe ya fi Bature saurin gane wannan, don mu ma haka muke yi. Muna kasuwa, muna tafiya: muna ɗin guda ce, ɗaya wuri take nunawa, ɗaya aiki. In wani ya buga maka waya daga tashar Tawa ya ce "muna kan tashi," rantse mini, motar ta motsa ko ba ta motsa ba? Wasu da suka saurari faifan ma sun ce abin da suka ji shi ne we are now, uh, taking off, maganar ta fito a cukurkuɗe. Ko wanne ne, bai isa ya sa jami'in ya daka tsawa ba.

Abin da ya ce shi ne, OK. Ya ɗan yi jim, kamar wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, sannan ya ƙara da cewa stand by for take-off, I will call you. Stand by wata ce daga cikin irin waɗannan tagwayen kalmomi, ma'anarta dakata ka saurare ni. Da ta isa kunnen van Zanten, da ya taka birki, don lokacin jirgin bai yi nisa ba.

Ba ta isa ba, kuma dalilin shi ne abin da ya fi ba ni tausayi a duk labarin. Amurkawan da ke cikin Pan Am sun ji jimlar Meurs, gabansu ya faɗi. A daidai sakan ɗin da jami'in ke cewa a dakata, su ma suka danna rediyo suka ce har yanzu suna kan titi. Rediyon jirage irin oba-oba ne, mutum ɗaya ke magana a lokaci guda. In biyu suka danna tare, sai muryoyin su cinye juna su koma ƙara. A ɗakin matuƙan KLM an ji OK sarai, sai wani fito mai tsinin gaske na kusan sakan 3 ya biyo baya. Gargaɗi biyu, kowanne shi kaɗai ya isa ya ceci mutum 583, suka haɗu suka kashe juna.

Saura dama guda. Hasumiya ta ce wa Pan Am ya sanar in ya bar titi, Pan Am ya amsa cewa zai sanar. Wannan ta shiga KLM ba tare da ƙara ba. Matuƙan biyu hankalinsu na kan gudu, amma injiniya Schreuder ya ji. Ya tambaya da harshensu, shin bai fita ba, wancan Pan American ɗin? Kyaftin ya amsa da ƙarfi da kalma ɗaya, jawel, wato ƙwarai kuwa ya fita. Schreuder bai sake magana ba. Meurs ma, wanda ya riga ya tsayar da maigidansa sau ɗaya ƴan sakanni da suka wuce, bai sake ba. Duk wanda ya taɓa zama gaban babba ya ga kuskurensa ya san nauyin da ke kan harshe a karo na biyu.

Ƙasa da sakan 10 kafin karon, ƴan Pan Am suka hango fitilu cikin hazo, suna rawa, alamar jirgin gudu yake. Grubbs ya tura totur gaba ɗaya ya karya hagu zuwa ciyawa. Bragg yana ta ihu, get off, get off, get off, sauka daga titin. Van Zanten shi ma ya gan su, ya ja jirgin sama da ƙarfin tsiya har wutsiyarsa ta kankari kwalta tsawon mita 20 da wani abu. Hancin ya haye. Amma jirgi ne da ya sha mai ya ƙoshi, nauyi ya hana shi ɗagawa da wuri. Ƙafafunsa da injunansa suka yanke saman Pan Am yana gudun kilomita kusan 260 a awa. Ya ɗan yi sama, ya faɗo mita 150 a gaba, ya ja ciki, man da aka sha rabin awa ana ɗurawa ya kama da wuta. Ƙarfe 5 da minti 6 ne a can. Daga sakin birki zuwa karo ba a cika sakan 40 ba.

Duk mutum 248 da ke cikin KLM suka rasu. A Pan Am 335 suka rasu, 61 suka tsira, cikinsu har da matuƙan uku. Bragg ya ba da labari cewa ya miƙa hannu sama don ya kashe injuna, sai ya tarar babu rufin, sararin sama kawai. Waɗanda suka tsira ta ramukan jikin jirgin suka fito kan fiffiken hagu suka yi ta dirowa ƙasa. Ƴan kwana-kwana da suka iso cikin hazo sun tarar da KLM yana ci, suka duƙufa a kansa, sun daɗe ba su san akwai jirgi na biyu da masu rai a ciki ba. A Amsterdam kuwa, da labari ya iso, manyan KLM suka ce a nemo musu van Zanten ya je ya taimaka da bincike, tunda ba wanda ya fi shi sanin 747. Sai aka gaya musu shi ke tuƙin.

Ƙasar Hausa ta riga ta ɗanɗana irin wannan ɗaci. Ranar 22 ga Janairu 1973 wani Boeing 707 da ya kwaso alhazai daga Jidda zai kai su Legas, aka karkatar da shi Kano saboda rashin kyawun yanayi, ya yi haɗari wajen sauka, mutum 176 suka rasu. Shekara guda bayan haka wani jirgin Turkiyya ya faɗi kusa da Paris da mutum 346. Tenerif ya zo ya shafe su duka, kuma a cikin jiragen biyu da suka yi karon babu wanda injinsa ya samu matsala.

Aka shiga neman mai laifi. Rahoton Sifaniya ya ɗora wa kyaftin ɗin KLM: ya tashi ba izini, bai tsaya ba da Pan Am ya ce yana kan titi, ya kuma yi fatali da tambayar injiniyansa. Ƴan Holan suka ce a'a, rashin fahimta ce ta kowane ɓangare, jami'in ya yi amfani da OK wadda ba ta cikin ƙa'ida, Pan Am kuma ya wuce mafitar da aka ce ya bi. Daga bisani KLM ya karɓi alhakin ya biya diyya. Ni a ganina Sifaniyawa sun fi gaskiya, don birki ya riga ya saku kafin Meurs ya ƙarasa magana, ba jimlarsa ce ta tura jirgin ba. Sai dai jimlar ita ce igiyar ƙarshe da za a iya kamo shi da ita, ta kuwa tsinke saboda tana ɗauke da ma'ana biyu. Kafin ita ma, take-off ɗin da jami'in ya ambata cikin izinin hanya ita ta ba mai gaggawa abin da kunnensa ke nema.

Masu tsara dokokin jiragen sama ba su ce a koya wa kowa Ingilishin Landan ba, sun san ba za ta yiwu ba. Abin da suka yi shi ne suka kama kalmar suka ɗaure. Tun daga gyaran da ya biyo bayan Tenerif, ba a furta take-off a rediyo sai a wuri biyu: lokacin da hasumiya ke ba da izinin tashi, da lokacin da take soke shi. Duk wata magana kafin nan da departure ake yin ta. Matuƙin da ya shirya ba ya cewa ya shirya wa take-off, sai ya ce ready for departure. In ana so ya hau titi ya tsaya, sai a ce line up and wait. Izinin hanya ba ya ɗauke da kalmar ko kaɗan. An kuma hana amsa muhimmin umarni da OK kawai, dole matuƙi ya maimaita abin da aka ce masa don mai faɗa ya ji ko an fahimce shi. Faransanci ma ya bi sahu: prêt au départ daban, autorisé décollage daban. Aka kuma fito da horo na musamman da ke koya wa na ƙasa yadda zai ce wa kyaftin ya tsaya, ya kuma koya wa kyaftin ji.

Tsibirin ya samu sabon filin jirgi a kudu a 1978, inda gajimare bai cika sauka ba, Los Rodeos kuma aka sa masa na'urar ganin jirage a ƙasa. A 2007, shekara 30 cif bayan haɗarin, aka kafa abin tunawa a kan dutsen Mesa Mota, wani tsani na ƙarfe mai murɗewa zuwa sama. Hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta wajabta tun daga 2008 cewa matuƙa da jami'an hasumiya masu aikin ƙasa da ƙasa su kai aƙalla mataki na 4 cikin 6 a jarrabawar Ingilishi.

Wannan darasi ba a nesa da mu ake koyar da shi ba. A Yamai akwai makarantar EAMAC ta hukumar ASECNA, wadda tun 1963 take horar da masana yanayi da ma'aikatan jiragen sama na ƙasashen Afirka da dama, a Zariya kuma akwai kwalejin koyon tuƙin jirgi da aka kafa a 1964. Ɗan Tawa da ya ci jarrabawar shiga ɗayansu zai tarar da take off ɗin da mushe ya koya masa da takalmi da hula tana jiran sa, amma da sharaɗin da ba a gaya masa a koleji ba.

Mai karatu, in Allah ya kira ka Makka ka hau jirgi a filin Diori Hamani na Yamai, za ka ji ya yi ta tafiya a hankali, ya juya, sannan ya tsaya cik a bakin titi injuna na gurnani. Kada ka ƙosa. Matuƙin ya ce ready for departure, yana jiran ɗaya kalmar ta fito daga hasumiya, ya maimaita ta, kafin ya saki birki.